Rigar Azurfa a Jikin Alƙalami

Duk mai kunna rediyo da safe ya saba jin ana cewa "alƙaluma sun nuna". Alƙaluma sun nuna buhun masara ya tashi a kasuwar Dandume, alƙaluma sun nuna daminar bana ta fi ta bara ruwa. Ba wanda ke tsayawa ya tambaya wane alƙalami ne ya buɗe baki ya yi magana, don kunne ya riga ya san lissafi ake nufi. Alhali kalmar ba komai ba ce illa jam'in alƙalami. Bahaushe ya ɗauki sunan abin rubutu ya laƙaba wa abin da aka rubuta. Haka nan in dattijo ya dubi wanda aka yi wa rashi ya ce masa "alƙalami ya riga ya bushe", ba cewa yake a nemo kurtun tawada ba. Abin da aka rubuta ya tabbata ke nan, sai haƙuri. A bakinmu da wuya ka ji an ambaci alƙalami ana nufin shi kansa ɗan karan. Kullum aikinsa ake hange.

Akwai kuwa mutanen da in suka ce suna tara alƙaluma, su kansu alƙaluman suke nufi. Suna da mujallunsu da dillalansu da masu yi musu gyara, kuma duk shekara sukan haɗu a baje koli a birane irin su Landan da Washington, kowa ya shimfiɗa nasa a kan ƙyalle mai laushi, ana ciniki da madubin ƙara girma a hannu. A cikinsu akwai waɗanda ba sa neman kowane iri sai guda: alƙalamin nan mai shan tawada a cikinsa, wanda maƙeri ya zauna ya yi wa riga ta azurfa da hannunsa. Suna da kyau, wannan ba musu. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne tambayar da suka jefo mini game da namu. Ga mu da maƙeran fari tun kaka da kakanni, ga mu da malaman da suka ƙare rayuwarsu da alƙalami a hannu, gari ɗaya, wani lokaci ma unguwa ɗaya. Me ya hana sana'ar nan ta haɗu da waccan?

A can ɗin ma ba don ƙauna aka fara ba, don rufin asiri aka fara. A 1884 Lewis Waterman na birnin New York ya yi rajistar dabarar da ta sa alƙalami mai ɗauke da tawadarsa ya zama abin dogaro. Abin da ya dami na gabansa shi ne iska. Tawada ba ta sauka sai iska ta shiga ta maye gurbinta, in kuwa iskar ta shiga a guje sai tawadar ta kwararo gaba ɗaya ta ɓata takarda da hannu. Waterman ya tsaga wasu 'yan siraran hanyoyi a ƙarƙashin bakin alƙalamin, tawada na tsiyayowa a hankali, iska na hawa a hankali. Sai dai tawadar wancan zamani mai cin ƙarfe ce. Saboda haka baki sai na zinariya, gangar jiki kuwa sai robar da aka dafa da farar wuta har ta ƙandare. Robar nan ba ta tsoron tawada, amma launinta bai wuce baƙi ko ja irin na bulo ba, ko cakuɗen biyun. Attajiri ya biya kuɗi masu kauri, ya duba ya ga nasa da na yaron shagonsa duk baƙar sanda ɗaya ce. Ta nan maƙera suka samu ƙofa.

Aikin ba na gaggawa ba ne. A naɗe fallen azurfa ya zama bututu daidai kaurin alƙalamin, a zana fure ko ganye ko igiya mai sarƙewa a jikinsa, sannan a bi zanen da zarto siriri ana fitar da inda ba a so, har baƙar robar ta riƙa leƙowa ta ramukan. Daga nan a ɗauki ƙarfen sassaƙa a yi wa kowane ganye jijiyoyinsa. Akan bar wani ɗan fili sumul inda za a zana sunan mai shi. Sai a zura bututun a jikin alƙalamin ya kama tsam. Baƙin nan da ake ƙi, shi ya koma shimfiɗar da ke fito da hasken azurfar. Wani gidan maƙera a garin Newark, na George W. Heath, ya yi wa manyan kamfanonin alƙalami irin wannan aiki, masu tarawa kuma suna gane hannunsa da ɗan harafin H da yake bugawa. A farkon shekarun 1900 kamfanin Parker ya fitar da wanda har yau ake rububinsa: maciji ya naɗe jikin alƙalamin da murfinsa, idanu kore, na azurfa lamba 37, mai lulluɓin zinariya lamba 38. Kyan ɗan maciji ke nan na gaske, don kuɗin da yake yi yanzu ya sa mai shi ma da taka-tsantsan yake taɓa shi.

Shi kamfanin Waterman har lissafi ya yi wa abin. In ka juya gindin alƙalaminsa ka ga 452, to 4 na cewa rigar azurfa ce, 5 na cewa da ɗan ƙarfen nan na gefe ake zuƙo tawada, 2 kuma girman baki ne. Wanda ya iya karatun zai faɗa maka kamannin alƙalami tun bai gan shi ba.

Da kamfanin Sheaffer ya fito da jikin seluloyid mai launin kore a 1924, sauran suka bi sahu, launi ya yi arha, rigar azurfa ta fara ja da baya. Ba ta mutu ba dai. Ɗaiɗaikun maƙera, irin su Henry Simpole na Landan, sun farfaɗo da aikin hannun daga baya, suna yi kaɗan-kaɗan don masu so. Azurfa kuma ta sake dawowa ta wata hanya. A 1715 guguwa ta nutsar da ayarin jiragen ruwan Sifaniya a gaɓar Florida, maƙare da azurfar da aka kwaso daga ƙasashen da Sifaniya ta mallaka a nahiyar Amurka. Bayan kimanin shekara 250 masu nutso suka tsamo sulallan, Parker ya sayi wasu ya narke, a 1965 ya ƙera alƙalami 4,821 da su.

Wannan labari na narka kuɗi ba baƙo ba ne a kunnen maƙerin Kano ko Katsina ko Agadas. Yawancin azurfar da maƙeranmu na da suka sarrafa ba a nan aka haƙo ta ba, kuɗi ce ta zo. Liyari, sulen ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin 1000 azurfa ce zalla, kuma duk wanda aka buga bayan mutuwarta shekarar 1780 ake sa masa, ko da bayan ƙarni aka buga shi. Fatake suka tsallako Sahara da shi, maƙeri ya jefa a wuta ya fitar da munduwa da zobe da 'yan kunne da kwalliyar kube. Ita kalmar azurfa ma hanyar raƙuma ta biyo, daga bakin Buzaye da danginsu na arewacin Afirka muka karɓo ta. Alƙalami kuwa daga Larabci ya zo, masana harshe da yawa kuma suna mai da ta Larabcin ga wata kalmar Girkanci mai nufin karan fadama. Wato mai cewa "alƙalamin kara" ya ambaci kara sau biyu bai sani ba.

To azurfa ta iso, maƙeri na nan, malami na nan. Amsar tambayar tawa, ina jin, rabinta tana cikin zaure. Duk wanda ya yi karatun littattafai ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, zai kai Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996. Can wajen ƙarshenta, inda ake maganar tufafi da ado, an sassauta wa namiji azurfa a wuri uku: zobe da takobi da Mus'hafi. An kuma ce kada a sa ta a linzami ko sirdi ko wuƙa. Masu sharhin Muhtasar na Halil suka ƙara faɗaɗa maganar, suka sa gidan tawada da gidan alƙalami cikin abin da ba a yi wa ado da ita, ko da yake an samu wanda ya yi sauƙi in don rubuta Alƙur'ani ne. Ba fatawa nake bayarwa ba, ba ni da rawaninta. Wanda dai ya taɓa kallon hawan salla a Katsina ya san maganar linzami da sirdi ba ta hana dawakan sarauta ƙyalli ba. Sarauta ta nemi hanyarta ta samu. Malami kuwa, shi da ke karantar da babin da bakinsa, bai ga dalilin da zai saɓa wa littafinsa saboda kara ba.

Ɗaya rabin amsar tana gona. A garin Mahuta alƙalami ba daga kanti yake fitowa ba. In kaka ta yi aka girbe dawa, karan ya watsu cikin gari: wani ya zama danni, wani ya shiga murhu, wani dabbobi su ci. Sillen da ke can sama, siriri mai ƙwarin fata, shi ake zaɓa. Wasu kuma gamba suka fi so. A yanka daidai tsawon da hannu ke so, a sa reza ko ƙaramar wuƙa a zaftare gefe, a fere bakin, sannan a tsaga shi a tsakiya. Tsagar nan ita ce sirrin. Ita ke riƙe tawada ta sake ta a hankali, kuma ita ce dai tsagar da za ka gani a bakin zinariya na Waterman. Almajirin da ya fara rubuta allonsa da kansa, kafin ya iya baƙi mai kyau sai ya iya feƙe alƙalami, domin hannun kirki da mugun baki ba ya fitar da komai.

Mai rubutun Mus'hafi ba ya aiki da ɗaya. Akwai mai faɗin baki don baƙaƙe, akwai sirara don wasali, kuma kowane launi da nasa: baƙi ga haruffa, ja ga wasula, ruwan ɗorawa ga hamza, kore ga alifin sadarwa, yadda muka gada daga Magariba tare da ruwayar Warshu. Tawada ma biyu ce. Ta allo gawayi ne da ƙaro, an yi ta don ta wanku, shi ya sa ake iya wanke allo a ƙara gaba, shi ya sa ake iya rubutun sha. Ta takarda kuwa da bagaruwa da ƙarfe ake haɗa ta, tana kama takarda ta zauna daram. Wannan ta biyun 'yar uwar tawadar nan ce da ta tilasta wa Turawa neman zinariya da roba. Kara bai san tsatsa ba. Abin da ya sani shi ne cinyewa. In baki ya mutu a sake feƙewa, ya sake mutuwa a sake, kullum yana gajarcewa har ya ƙi riƙuwa, a ajiye shi a ɗauki wani. Wa zai ɗinka wa abin da ke raguwa duk mako rigar da ba ta raguwa?

Ba wai ba mu san ado ba ne. Adon ya tsallake alƙalami ya sauka a kan abin da alƙalami ya haifa. Buɗe Mus'hafin hannu ka ga zayyanar da ke gefen shafi a kan kowane sumuni da rubu'i da hizbi da wurin sujada, da babbar zayyanar da ke raba Littafin. Dubi allon zayyana na ranar sauka, wanda yaro ke riƙewa ana zagayawa da shi gidajen dangi. Dubi gafakar da baduku ya ɓata kwanaki yana yi wa aiki. Takardar ma an darje ta: magabata sun fi son mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus a bayan raƙumi. A zamanin nan, rubutun Sharif Bala na Gabari a Kano ya shiga injin ɗab'i ya bazu a tsangayu, har yara da dama sun haddace da hannunsa a gabansu. Duk wannan ɗaukaka, abin da ya zana ta ba ya kai kuɗin ƙosai.

Alƙalami mai shan tawada ta wata ƙofa dabam ya shigo mana, kuma ba da sallama irin ta malamai ba. Kwalejin Katsina ta buɗe a 1922, tana fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902 don samar wa masaƙun Ingila auduga, ya kafa injinan gurza a wannan yanki namu. Kowace kaka manomi ya ɗoro audugarsa a jaki ya kai kasuwar auduga, a duba ta a ba ta daraja, a ɗora a sikeli. A gefen sikelin akwai mutum a zaune da littafi. Abin da ya rubuta shi ne nauyin, shi ne kuɗin, shi ne harajin bana da kayan auren 'ya. Manomin nan wataƙila ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami ba tuntuɓe, amma a gaban littafin akawu yatsa zai dangwala. Ko da aka zo yaƙi da jahilci a shekarun 1950, irinsa da yawa cikin jahilan aka lissafa su.

A nan ne, a karon farko, jikin alƙalami ya fara magana a garuruwanmu. Ba ma jikin duka ba, ɗan maƙalin ƙarfen nan da ke leƙowa daga aljihun gaba. Tun daga nesa ka hango shi ka san wanda ke tafe. Mai biyu ya fi mai ɗaya. Dattawa suna ba da labarin waɗanda ke maƙala murfi kawai, ba alƙalami a ƙarƙashi, kuma ba na jin ƙarya suke, domin wanda ya fahimci cewa ƙyallin ake gaisarwa, ya fahimci zamaninsa sarai. Attajirin New York da ya sa aka naɗa wa nasa maciji da ɗan birnin da ya maƙala murfi a kasuwar Funtuwa, buƙatarsu ɗaya, jarinsu ne ya bambanta.

Sai biro ya zo ya raba gardama. Sunan mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga Hangari da ya yi rajistar dabararsa a 1938 kafin yaƙi ya kora shi Ajantina. Daga 1950 kamfanin Bic ya mai da shi abin da kowa ke iya saya ya yar. Ba a feƙe shi, ba a ba shi tawada, ba a gadonsa. In ka ara wa mutum a banki ma ba ka cika sa ran ya dawo ba.

Akwai wani abu a al'adar masu tarawa da ya fi ba ni mamaki da farko. Alƙalamin da ya fi daraja a wurinsu shi ne wanda bai taɓa shan tawada ba. In an samu na shekara 100 a cikin kwalinsa, da takardar farashinsa a manne, bai rubuta ko ɗigo ba, ya fi wanda ya yi aiki tsada nesa ba kusa ba. Mutumin Mahuta zai ji wannan ya yi dariya. Kafin ya gama dariyar, ya leƙa ɗakin kakarsa. Jeren da ke bango, daga ƙasa har rufi, wa ya taɓa cin tuwo a ciki? A da ƙorai ne masu zane, aka koma tasoshi, aka koma kwanonin fenti, langa da kumbo da fanteka, yau kuma tangaran ne a cikin kabad. Mata sun san sunan kowane yayi, sun san wanda ya riga wani fitowa, sun san wanda ya yi wuyar samu. Ana sauke su a goge in salla ta matso, a mayar. Kwanon da ya taɓa hawa murhu ya fita daga jere har abada. In wuya ta yi wuya a zare ɗaya a kai wa dillaliya. Ajiya ce, shaida ce ta gidan da mace ta fito, kuma jin daɗin ido ne, ba sai an nemi wani dalili ba. Don haka tara abu don kansa ba baƙon hali ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun riga Turawan alƙalami sanin daɗinsa. Maza ne dai ba su yi wa kayan aikinsu irin wannan gata ba.

Rigar azurfa kuma ba ta dawwama yadda mai saye ke zato. Farar wutar da aka dafa robar da ita ba ta zama lafiya da azurfa, ita ke sa ta yin baƙi, ga ta iska ma tana taimakawa. Ita robar in ta sha rana ko ruwa sai baƙinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Sai gardama ta tashi tsakanin masu tarawa: a goge ko a bari? Masu cewa a bari sun fi hujja a ganina, domin duk gugar da aka yi tana tafiya da ɗan wani abu na azurfar. Jijiyoyin ganyen nan da maƙeri ya sassaƙa su ke fara shafewa, sai sunan mai shi, sai hatimin maƙeri. Wanda ya fi son alƙalaminsa ya fi goge shi, shi ya fi cinye shi. Ashe shi ma raguwa yake yi, a hankali dai.

Na taɓa nuna wa wani tsohon alaramma a Mahuta hoton irin wannan alƙalami a waya, aikin Ingila, mai ganye da furanni. Na ɗauka zai yi tsaki. Ya karɓa ya matso da ita kusa da ido ya daɗe yana kallo.

"Ana feƙe shi?"

"A'a, Allah gafarta malam. Bakinsa na zinariya ne, ba ya cinyewa da wuri."

"To ai ba zai yi izu sittin ba, nauyi zai kashe hannu. Kuma baki ɗaya gare shi, da me za a yi wasali?" Ya ƙara duban hoton. "Amma ɗana, maƙerin nan ya san aiki. Wane ne?"

Na ja hoton na nuna masa wasu 'yan tambura a gefen murfin, ƙanana kamar ƙwayar gero. A Ingila tun 1300 doka ta hana sayar da kayan azurfa sai an gwada su an buga musu hatimi. Zaki mai tafiya yana shaida kashi 925 cikin 1000 azurfa ce. Kan damisa yana cewa a Landan aka gwada, in kuwa ƙugiyar tsai da jirgin ruwa ce to Birmingham. Akwai harafi guda da ke nuna shekara, tsarin da Landan ke bi tun 1478. Sannan farkon haruffan sunan wanda ya kawo aikin, maƙerin ko gidan da ya sa aka yi. Alaramma ya saurara har na gama, ya juya zoben azurfar da ke ɗan yatsansa, ya ce na mahaifinsa ne, a Katsina aka ƙera, amma ko za a yanka shi bai san gidan wa ba.

Wannan shi ne abin da na ga masu tarawa sun fi mu, kuma ba azurfar ba ce. Sun mai da jikin alƙalami takarda, ya ɗauki sunan wanda ya yi shi da garinsu da shekararsa, sannan suka samu masu haƙurin karantawa. Mu muna da wannan ɗabi'a a wajen ilimi. Ɗalibi yana iya jero malaman malaminsa, magabata kuma sukan rufe littafi da sunan wanda ya kwafa, wani lokaci har da ranar da ya gama. A wajen sana'ar hannu ne muka bar komai a baki. "Aikin gidan wane ne," in ji tsofaffi, suna ganewa da ido. Ran da tsohon ya kwanta dama, munduwar ta zama ta kowa da kowa, sai ka gan ta a gidan tarihi na wata ƙasa an rubuta mata "arewacin Nijeriya" kawai, kamar ƙasar ce ta ƙera ta ba mutum ba.

Alƙalamin kara ya fi munduwa shiga wannan hali, don shi ko jikin da zai jira mai bincike ba shi da shi. Rubuce-rubucen suna nan. Akwai su a Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Bayero a Kano, ga kuma waɗanda ba su ƙirguwa a cikin adakoki a gidajen malamai. Masu nazari suna bambanta hannun Barno da na Kano, suna auna kaurin alif da lanƙwasar nun. Amma kaurin alif ba daga sama ya faɗo ba. Daga faɗin baki ya zo, da karkatar yanka, da zurfin tsaga, da irin karan, ko sille ne ko gamba, da yadda mai shi ke kwantar da shi a kan takarda. Wannan ilimi bai shiga littafi ba, a yatsu yake. Masu shi kuwa suna raye, suna zaune a tsangayu tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ana kai musu Mus'hafin ɗab'i da waya mai karatu, jikokinsu na rubuta darasi da biro.

In da za a yi tara alƙaluma irin namu, ba sai an kira maƙeri ba, ba kuma sai an shiga gardamar Risala ba. A je wurin alaramma da ladabi a roƙi ɗaurin da ya gama aiki da shi, na baƙi da na ja da na ruwan ɗorawa da na kore, har da guntayen da suka ƙi riƙuwa, domin su suka fi nuna yadda yake feƙewa. A rubuta sunansa da na malamin da ya koya masa, da garin, da shekarar, da gonar ko fadamar da aka yanko karan. A roƙe shi ya ja layi biyu da kowane a kan takarda, a haɗa a ɗaure tare. Gidan tarihin da ke cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina yana da wurin da zai ɗauki irin wannan, ɗalibin jami'a guda mai babur kuma ya isa ya zagaya ƙauyukan a rani ɗaya. Abin da zai ci kuɗi shi ne akwatin ƙarfe mai murfin kirki, saboda gara.